Kwaɗo a Ƙofar Inna

Ranar Talata ce, a tsakiyar lokacin zafi. Na tashi da asuba na dama koko, na soya ƙosai, na kai wa mai shagon da ke sayar mini a gindin dutse. Ƙarfe bakwai na dawo. Inna, mahaifiyata, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. 'Yata Rabi, mai shekara shida, tana tsefe mata kai kamar mai cire ciyawa a gona. Inna ta ce a taimaka a bar mata ko sili goma na zuwa Idi. Muka yi dariya, na ɗora sanwa.

A unguwar Nakkasa muke a lokacin, kafin a rushe wajenmu. Gidanmu ɗaki biyu ne a wani lungu mai hawa dutse. Daga wani ƙauye a Zamfara muka zo Makka, bayan 'yan bindiga sun shigo mana sau uku. Mijina Sale ya samu aikin tuƙi a gidan wani ɗan kasuwa, yana da iƙamarsa, takardar izinin zama. Ni da Inna da Rabi kuwa da bizar Umra muka shigo, muka maƙale, ba mu da takarda ko ɗaya.

Sale ya bar ƙauye amma tsoro bai bar shi ba. Maigidansa yakan bar masa motar ya kwana da ita, shi kuwa ya mayar da bayanta rumbu. Akwai jarkar ruwa, jarkar fetur, ƙaramar tukunyar gas, dabino, ƙuli-ƙuli, bargo biyu, tocila, da maganin Inna. Kayan gudu yake ce musu. Wai ko ambaliya ce ta sauko daga dutse, ko wani abu ya tashi, minti biyu ya ishe mu. Kullum yakan jingina motar da bangon ɗakin Inna, daidai ƙarƙashin tagarta, ya juya kanta ta kalli hanya.

Sai harsasai. Maigidan yana fita farauta sahara idan sanyi ya shigo, da izininsa da komai. Da aka gama farautar shekarar, ya ce wa Sale ya mayar da kwalayen da suka rage cikin sito. Sale ya mayar da wasu, ya tura kwali huɗu ƙarƙashin kujerar baya. Bindiga kuwa ko ta roba ba shi da ita. Na tambaye shi ko da majajjawa zai harba su. Ya ce mace ba ta san shiri ba. Na ja bakina na yi shiru, kuma wannan shirun yana cikin abin da ba na yafe wa kaina.

Ƙarfe ɗaya ya dawo cin abinci. Ya ajiye motar inda ya saba. Ƙarfe ɗaya da rabi ya gangara titin Mansur da ƙafa wajen aski. Rana ta tsaya a ka, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Kowa na lungun ya shige ɗaki. Na kunna wa Inna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ja mata labule.

Biyu saura kwata na ji ƙara ɗaya. Tas. Na tsaya da ludayi a hannu. Sai biyu a jere. Sai suka ɓarke, ba ƙaƙƙautawa, kuma kusa, kamar a bayan kunnena.

Wanda bai taɓa jin harbi a ƙofar gidansu ba zai ce me ya hana ni leƙawa. Mu ba ma leƙawa. A ƙauyenmu wanda ya leƙa shi ake fara binnewa. Jikina ya san abin yi tun kafin hankalina ya dawo. Na fizgi Rabi na goya ta, na faɗa ɗakin Inna.

Inna ba ta iya gudu. A can gida muna da dabarar tsofaffi irinta. Idan an shigo, a sa su a ƙuryar ɗaki, a rufa musu tabarma, a datse ƙofa da kwaɗo ta waje. Masu zuwa in sun ga kwaɗo sai su ɗauka mutanen gidan sun riga sun tsere, su wuce. Sau biyu wannan dabarar ta tsirar da ita. Ita da kanta ta nuna mini ƙusar da kwaɗon yake rataye.

"Ki rufe ni yadda munka saba. Tai da yarinyar!"

Na rufe ta. Na ji kwaɗon ya ce ƙaras. Na fita ta ƙofar baya, na kama matakalar da ke hawa dutse.

Ba ni kaɗai ba ce. Matan lungun da suka zo daga wajajenmu duk sun fito, kowa da goyo, babu mai ihu. Wata tana cewa a hankali, "Ku duƙa! Ku duƙa!" Dutsen yana ƙona tafin ƙafa, don ba wadda ta tsaya neman takalmi. Na faɗi sau biyu. Ƙarfe biyu daidai, don na ji agogon wayar wata ya buga, muka kwanta a bayan wani tankin ruwa. Na toshe bakin Rabi da hannuna.

Ƙarar ta ci gaba. Sai wata babba ta tashi, dum, har tankin ya amsa. Tukunyar gas ce, amma a lokacin na ce a raina sun zo da manyan makamai. Hayaƙi baƙi ya turnuƙe daga ƙasa. Shi ma bai farkar da ni ba, don a gida in sun gama harbi wuta suke sawa. Daga nesa jiniya ta fara kuka. Maimakon mu sauka, sai muka ƙara lafewa. Wanda ba shi da takarda ba ya tarar jiniya a garin nan.

Hajiya Maryama ce ta hawo ta same mu. Maƙwabciyarmu ce, haifaffiyar Makka, kakanninta Kanawa. Ba ta taɓa jin harbi ba a rayuwarta, shi ya sa ita ta leƙa. Tana haki, abayarta duk toka.

"Wuta ce! Sayyarar Sale ce, motar nan, take ci! Yalla ku sauko, ba kowa! Ina Inna?"

Ban san yadda na sauko ba. Na san dai na bar Rabi a hannun wata. Lungun ya cika da maza da bokitai, amma ba mai iya matsawa, don harsasan suna ta fashewa a cikin motar. Fetur ya malalo ya bi gindin bango. Wuta ta lashe tagar Inna, robar mukayyif tana ɗiga. 'Yan kwana-kwana sun tsaya a ƙasa, motarsu ba ta shiga lungun, suna jan tiyo da hannu.

Tun farko maza biyu sun zagaya ta baya don su duba gidanmu. Sun buɗe ɗakina, ba kowa. Sun ga kwaɗo a ɗakin Inna, suka ce alhamdu lillahi, nan ma ba kowa, suka wuce gida na gaba. Dabarar ta yi aiki yadda aka tsara ta.

Na yi ta ihu ina nuna ƙofar. Makullin ya faɗi a kan dutse ban sani ba. Biyu da minti ashirin da biyar aka fasa ta da guduma. Wuta ba ta taɓa Inna ba. Hayaƙi ne.

Sale ya iso da rabin aski a kansa. A nan 'yan sanda suka tafi da shi, kuma har yau yana hannu. Ban je ganinsa ba, ba zan iya zuwa ba ko da ina so. Ban kuma tabbata ina so ba. An ce wayar lantarkin motar ce ta haɗu, an ce zafin rana ne. Ni ban damu da wanne ba ne. Shekara biyu yana tara mana kayan tsira, ko kurɓin ruwa ɗaya ba mu sha daga jarkar nan ba.

Hajiya Maryama ta ɓoye ni da Rabi a gidan ƙanwarta a unguwar Hindawiyya. Ɗan Hajiya Maryama ne ya tsaya a kan gawar. An yi wa Inna salla a Harami, aka kai ta, ni ina ɗaki a ɓoye. Mata suna ta shigowa gaisuwa, kowacce sai ta ce Inna ta dace, ta cika a Makka. Ina cewa amin. Ina jin haushin duk wadda ta faɗa.

A kwana na uku na tambayi Hajiya Maryama yadda aka samu Inna, don ni an riƙe ni a waje. Ta ce ba a ƙarƙashin tabarmar take ba. Ta ja jiki ta zo bakin ƙofa. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta yafa mayafi, ta sa takalmanta duka biyu, tana zaune tana jiran in zo in buɗe.