Turancin da Kaka Ta Tanadar wa Jikanta

Gidanmu na Treichville yana tsakanin babban masallaci da bakin lagin, wato tafkin da ke haɗe da teku, saboda haka abu biyu ba sa yanke mana: kiran salla da sauro. Da an idar da isha'i, Kaka takan tara ɓawon kwakwa a wani tsohon kasko ta cinna masa wuta a ƙofar ɗakinta. Abijan ba ta san sanyi ba, hayaƙin ake so don ya kori sauro. Mu yaran gida sai mu zagaye kaskon idanunmu na hawaye, ita kuwa ta miƙe ƙafafu bisa tabarma kamar hayaƙin bai san da zamanta ba. Mutuniyar Madawa ce, mahaifiyar babana. Ta yi shekara da shekaru a bakin teku, amma harshenta bai bar gida ko da taki ɗaya ba.

Autanta shi ne Baffa Idi. Tun ban yi wayo ba ya tafi Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, fataucin goro, garin ya riƙe shi, ya sami aiki a tashar jiragen ruwa ta Takoradi, ya auri 'yar can. Ana gab da rufe iyaka saboda yaƙin Turawa, wasiƙarsa ta iso da hoto a ciki: jariri ya fara zama, an sa masa safa da takalmi. An raɗa masa sunan kakanmu marigayi, don haka Kaka ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba. Maigidana take ce masa.

Wasiƙar da Ingilishi aka rubuta ta. Babana ya kai wa yaran da ke lakwal, wato makarantar boko, suka juya ta suka ce wannan ba Faransanci ba ne. Daga ƙarshe aka dangana da wani tsohon tela a layinmu, mutumin Saliyo da muke kira Baba Saro, wanda ya yi kuku a jirgin ruwa tun yana saurayi. Ya karanta, aka ji kowa lafiya. Kaka dai ba lafiyar ta dame ta ba.

"Ɗiyan da na kai makarantar allo da hannuna, shi aiko mini da rubutun Nasara?" in ji ta. "To gidanshi ya zama gidan Turanci ke nan. Ranad da maigidana ya taho, da wane baki za ni gaishe shi?"

Babana ya yi zaman Kumasi, ya san ƙasar. Ya ce, "Inna, mutanen can fa suna da yarensu. Wani akawu ne kawai ya rubuta masa."

"Yaro da safa da takalmi? Tahi ka ji da goronka."

Ya tafi ya ji da goronsa a rumfarsa ta Adjame, don ba a ja da Kaka a yi riba.

Ni aka ɗora wa aikin ɗebo wa Kaka Turanci, da yake ni ke kai tallan waina layin Baba Saro, kuma ni ce mai bakin tsiya a gidan. Kaka goro ɗaya take ci a yini. Sai ta dinga raba shi biyu, ta ƙulle rabi a bakin zanena. In na kai wa tsohon, ya ba ni magana ɗaya ta Ingilishi, ya sa in maimaita har ta zauna, sannan in rugo gida ina nanata ta a hanya kada ta zube. Da dare kuwa doka ce: ba tatsuniya sai na sauke kayana.

Kai, mun sha dariya a wannan makaranta. Kalmar yunwa da ta fushi a Ingilishi kamar Hassan da Husaini suke, wata "hangiri" wata "angiri", Kaka kuwa ta yi wata biyu tana tambayar ƙanena ko yana fushi alhali tuwo take miƙa masa. Ranar da na kawo mata cewa Turawa in ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai su ce kyanwoyi da karnuka ke faɗowa, ta riƙe haɓa ta ce, "Allah shi tsare mu da damanar ƙasarsu." Gaisuwarsu ma ba ta cika mata ido ba. Ta ce wace irin gaisuwa ce babu gajiya, babu iyali, babu kwana biyu, kamar miya ba daddawa. Amma ta haddace. "Walkam hom", wato barka da zuwa gida. "Lon taim no si", wato an daɗe ba a haɗu ba. "Sidon, mai diya", zauna abin ƙaunata.

Magana ɗaya ce ta ƙi karɓa. Baba Saro ya aiko da wani karin maganarsu mai cewa wanda ido ya daina gani, zuciya ma mantawa take da shi. Kafin in gama fassarawa fuskarta ta sauya. Ta ce, "Mai da mishi abinshi. Wagga ƙarya ce, kuma ban biya goro don ƙarya ba." Washegari sai da tsohon ya ba ni biyu a madadinta.

In na biya, sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taho da ƙafarta." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma a shekarun nan ta zabuwa ta fi dawowa.

Wai wata zabuwa ta yi ƙwai ɗaya tak a gindin ƙaya. Mutanen gari suka tsince shi suka kai gida, suka sa wa kaza ta kwanta a kai. Zabuwa ta bi sawu har bakin danga, ta leƙa, ta san ɗanta zai tashi da yaren kaji, in ta kira shi da nata ba zai waiwayo ba. Sai ta sami wani tsohon zakara ta ce ya koya mata. Zakara ya ce kowace kalma gashi ɗaya. Zabuwa ta duba jikinta, na fiffike tana tashi da su, na ƙirji za ta rufe ɗanta da su, sai ta fara cirar na kanta. Kullum yamma ta zo ta cire ɗaya, ta karɓi kalma, ta koma daji tana waƙa:

Ɗan ƙwaina, ɗan ƙwaina,
Rana ta faɗi, taho gida.

Har kanta ya zama tal, shi ya sa har yau zabuwa ba ta da gashi a ka. Ranar da ta ƙware ta tsaya a bakin danga ta yi kira irin na kaza, ɗanta ya sheƙo, suka tafi daji tare. Sai Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, mai nema shina tare da samu. Kowa shi tashi shi yi shimfiɗa."

Muna cikin shekara ta uku da wannan karatu wani bafatake ya ratso ta daji ya kawo labarin Baffa Idi ya rasu, ciwon ƙirji, har an yi sadakar arba'in ba mu sani ba. Kaka ba ta yi kururuwa ba. Ta shiga ɗaki ta yi kwana bakwai ba a hura kasko ba. A dare na takwas ta fito ta cinna wuta da kanta, ta dube ni ta ce, "Rakiya, mi kika kawo?" Na ce ban je ba, na zaci an bari. Ta ce, "Yanzu ne ba a bari ba. Uban da za shi yi mini tafinta ya tahi." Daga ranar goron gaba ɗaya take aikawa, ita ta haƙura.

Bayan an buɗe iyaka, matar Baffa ta aiko cewa za ta kawo yaron ya ga dangin ubansa. Allah ya saka mata da alheri, ba wanda ya tilasta ta. Babana ya je Adjame ya taro su a inda motoci ke saukewa. Kaka tun asuba ta yi wanka, ta sa lalle, ta ɗaura zanen saƙin da ta zo da shi daga Madawa, tana ta bita a ƙofar ɗaki tana tambayata ko ta faɗa daidai.

Suka shigo. Yaro ɗan shekara shida, siriri, goshin Baffa Idi sak. Kaka ta miƙe, ta buɗe hannuwa, ta ce da ƙarfi yadda duk gida zai ji, "Walkam hom! Lon taim no si! Sidon, mai diya!"

Yaron ya dube ta, ya dubi uwarsa, ya ɓuya a bayan zanenta ya yi mata wata magana da ba mu taɓa ji ba. Aka kira Baba Saro ya yi magana da uwar, wadda ke da ɗan Ingilishin kasuwa. Tsohon ya juyo jikinsa a sanyaye ya ce yaron bai shiga makaranta ba tukuna, yaren uwarsa, Fanti, kaɗai yake ji. Hausar ubansa ma ta bi ubansa.

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Kaka a wannan tsayuwar ba. Hannuwanta suna buɗe ba ta san inda za ta kai su ba. Babana ya sunkuyar da kai, bai ce ai na faɗa ba. Na ji haushin Baba Saro, na ji haushin akawun da ya rubuta wasiƙar, har yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba na harare shi.

Kwana biyar suka yi. Ranar farko da ta biyu bai yarda ta taɓa shi ba. A dare na uku hayaƙin kasko ya jawo shi, ya zauna nesa kaɗan yana kallonmu. Kaka ta bar Turanci, ta yi tatsuniyar zabuwa da Hausarta ta Madawa, ta yi tafiyar zakara, ta shafa kanta ta nuna tal. Yaron ya yi dariya. Da ta zo kan waƙar ta yi ta maimaitawa, yana matsowa, har barci ya ɗauke shi kansa a cinyarta. Ba ta motsa ba har ƙafarta ta mutu. Haka aka yi sauran dare biyun, sannan uwarsa ta tafi da abinta.

Bayan tafiyarsu da mako guda muka roƙe ta tatsuniyar. Ta yi ta kamar kullum har inda kan zabuwa ya zama tal. Sai ta ce, zabuwa ta tsaya a bakin danga ta yi kiran kaza, shiru. Ashe ba kaza aka sa wa ƙwan ba, agwagwa ce, ta tafi da shi hayin ruwa. Zabuwa ta je bakin ruwan, ba gashi ba ɗa, ta yi waƙarta da bakinta na gado.

Ƙanena ya ce, "Kaka, ba haka take ba!"

"Haka take yanzu."

Na ce, "To ya ji ta?"

Ta daɗe tana tona wutar da kara. Ta ce, "Ban sani ba, ɗiyata. In kin gan shi ki tambaye shi."

Damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa.

Turancin da na ɗebo mata ni ya yi wa rana. Da shi na shiga fataucin atamfa tsakanin Abijan da Gana, na ƙara a kan na Baba Saro. Sai da na aurar da 'yata ta ƙarshe sannan na yi ƙarfin halin neman ɗan Baffa a Takoradi. Na same shi malamin makaranta, da furfura a gemu, Ingilishi a bakinsa kamar ruwa. Ya karɓe ni da mutunci irin na baƙo. Na tambaye shi ko yana tuna Abijan. Ya ce kaɗan: hayaƙi, da wata tsohuwa mai jan lalle a hannu. Sai ya ce akwai kuma wata waƙa da yake yi wa 'ya'yansa in suna rigimar barci, bai san yarenta ba, bai san inda ya same ta ba. Ya rera. Kalmomin sun karkace, amma muryar ta Kaka ce, har inda take jan numfashi.

Na fassara masa da Ingilishi, kalma bayan kalma. Na ba shi labarin goron, da "hangiri" da "angiri", da karin maganar da ta mayar wa mai shi. Sannan na miƙe tsaye, don a tsaye ta faɗa, na ce masa ga saƙon da aka tanadar masa shekara da shekaru, lokacin da aka ba shi bai iya karɓa ba. Na buɗe hannuwa na faɗi maganganun nan uku yadda take faɗarsu, ban gyara ko ɗaya ba. Ya cire tabarau ya kifa fuskarsa a kan tebur.

A da ina ganin Kaka ta yi asarar goronta, kuma na daɗe ina jin zafin abin. Yanzu da na kai shekarunta, jikokina a unguwar Bromakote suna amsa mini da Faransanci in na yi musu Hausa, na daina ganin wautarta. Ta yi kuskuren yare, amma ba ta yi kuskure ba da ta ce zuciya ba ta mantawa. Abin da ke ci mini rai ɗaya ne: ta ce in tambaye shi, na tambaya, ya ji ta, ni kuwa ba ni da inda zan kai mata amsa.