Ƙonannen Ruwan Goro

A shekarar da gona ta gagare mu a Babban Duhu, na iso Batsari da ɗiya a bayana da ƙullin tsummokara a ka. Maigidana ya rako mu har tasha, ya wuce kudu neman abin da za a ci, ya ce in ya sami wurin zama zai aiko. Gidan dangin da na sauka ya riga ya cika da waɗanda suka riga ni gudowa, har a zaure ana kwana. Ɗiyata kuma tari take yi, irin wanda in ta fara sai in ji kamar ƙirjina ake tsagawa. Abin da nake nema a duniya lokacin ɗaki ne mai ƙofa, komai ƙanƙantarsa.

Na same shi a bayan wata cibiya ta koya wa mata sana'a. Mai kula da wurin malamar makaranta ce da aka turo aiki garin, doguwa mai tabarau, kowa Malama yake ce mata. Da ta ji uwata maginiya ce, na tashi hannuna cikin yumɓu, sai ta ba ni mabuɗin wani ɗan ɗaki da ake ajiye buhuna. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, "Ɗakin nan na masu aikin tukwane ne. Ran da aikin ya tsaya, mabuɗi ya dawo hannuna, ni ma in mayar inda aka ba ni."

Aikin tukwanen nasu ba irin na uwata ba ne. Ita takan jera tukwanenta a fili, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta, abin da ya fashe ya fashe, abin da ya tsira a kai kasuwa. Nan kuwa wani akwatin ƙarfe ne aka kawo daga birni, kamar firji, sai dai shi zafi yake yi. Tanderun lantarki, in ji Malama. Wanda ya zauna a ofis ya yanke shawarar a kawo shi garin da wuta take zuwa in ta ga dama, ta tafi ba sallama, ina so in ga fuskarsa sau ɗaya tak. Ba tulu muke ginawa ba, ba randa ba, ba kaskon suya ba, abubuwan da mutane ke nema kenan. Ƙananan kofuna ne na shan shayi, waɗanda ko kunun yaro ba za su ɗauka ba. In sun gasu sau ɗaya sai a tsoma su cikin wani ruwa mai kauri da muke kira ruwan sheƙi, a sake gasawa, su fito suna ƙyalli kamar gilashi.

Duk wannan wahala don mutum ɗaya ake yin ta. Wata Hajiya ce mai shagon kayan ƙawa a birni, ta yi alkawarin za ta riƙa kwashe duk abin da muka yi, in dai launi ɗaya ne, kuma kullum ya fito iri ɗaya. Ta aiko da wani guntun fasasshen kofi a cikin auduga, kamar ƙwan jimina. Malama ta nuna mana, ta ce sunan launin da Turanci, sannan ta fassara: "Wato ƙonannen ruwan goro."

A cikinmu akwai wata tsohuwa daga Darini, ita ma gudu ya kawo ta, Gwaggo muke ce mata. Ta ce, "Malama, ruwan goro dai na sani, tun kafin a haifi uwarki nake yin sa da bakina. Wa ya ƙona shi kuma? Waɗannan mutane ba su da aikin yi."

Gwaggo tana da wurin zamanta a gindin bango, kusa da ƙofar ɗakin tanderu, kuma tana da wurin da take tofar da goronta, kullum wuri ɗaya. Rana ta gasa tofin har ya yi duhu-duhu. Ni mutum ce mai kalle-kalle, fargaba ce ta koya mini. Na dubi guntun kofin, na dubi bangon, na ce, "Malama, don Allah kanga shi can mu gani." Ta harare ni, amma ta kanga. Wallahi ka ce daga bangon aka ɓamɓaro shi. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ta ce, "Ashe arziki nake zubarwa ban sani ba."

Wasa ya zama gaske. Wani ma'aikaci ya zo daga sakatariya, mai babbar riga da ƙamshin turare, ya ce zai kai wa maigidansa guntun kofin ya gani, gobe zai dawo da shi. Goben nan har yau ba ta yi ba. Hoton da Malama ta ɗauka a waya kuma in ka duba shi a inuwa daban, in ka fita rana daban. Batun a roƙi Hajiya ta aiko da wani guntun kuwa, Malama ta ce ta gwammace ta haɗiyi tabarma. Saboda haka ma'aunin cibiya gaba ɗaya ya koma tofin Gwaggo. Duk kofin da ya fito, sai a ɗauke shi da ladabi a kai shi bango a gwada.

Mun ga launuka. Wani ya fito kamar hanta, wani kamar ƙanzon tuwo, wani kamar kashin jinjiri. Malama ta sa an kawo jar ƙasa daga bakin rafi, ta sayo wani farin garin haɗi daga Katsina, ta aike mu wurin mahauta mu roƙo ƙasusuwa mu ƙona mu daka. Ƙashin da ya kamata ya shiga tukunyar miya, a shekarar da mutane ke tafasa rama ba ƙuli, shi muke dakawa mu shafa wa kofi. In an haɗa an zuba, sai a zauna jiran wuta. Ta zo, a kunna, tanderu ya ɗauki zafi, sai a ɗauke. Wata rana ta zo da rauni, ƙwan fitila ya yi ja kamar idon mai zazzaɓi.

Su sauran matan suna da inda za su kwana ko kofi ya yi ko bai yi ba. Ni kuwa duk ranar buɗe tanderu ni ce a sahun gaba. Ina tsaye da ɗiyata a baya, ina jin numfashinta a wuyana, ina kallon hannun Malama a kan murfi. Tarin ya fara sauƙi tun da muka sami ƙofar da za mu rufe. Sai ga shi lafiyar ɗiyata ta rataya a kan ko wata mata da ban taɓa gani ba za ta ji daɗin kallon kofin shayinta. Na tsani launin nan kamar yadda ban taɓa tsanar komai ba, kuma ba abin da na roƙi Allah a kai kamarsa.

Ba zan ci haƙƙin Malama ba, ita ta gano bakin zaren. Akwai wata rana da kofuna kaɗan suka kusa dacewa, ta yi ta tambayarmu mi ya faru ranar. Aka tuna cewa an ɗauke wuta bayan zafi ya kai ƙarshe, jim kaɗan aka dawo da ita da rauni. Ta shiga waya tana tambayar masu irin wannan tanderu, ta dawo ta ce launin ba ya son a bar shi ya huce da sauri, sai an riƙe shi da ɗan zafi yana saukowa a hankali, kuma a ƙara tokar ƙashi. Ta koyi yadda za ta sa tanderun ya yi haka da kansa. Daga nan, duk ranar da masu wuta suka manta da mu ba su ɗauke ba, launin yana fitowa. Malama ta aika wa Hajiya, Hajiya ta ce za ta zo da kanta in hanya ta yi sauƙi.

Jin za a yi baƙuwa, sai sakatariya ta tuna da mu. Aka turo mai fenti ya shafe cibiyar da farar ƙasa ciki da waje. Muka zo da safe muka tarar bango fari fat, ma'auni ya tafi. Ga kofuna tari guda, wasu sun ɗan fi ja, wasu sun ɗan fi duhu, ba wanda zai iya rantsewa ga na ainihi.

Malama ta ce, "Gwaggo, don Allah a taimaka a sake tofawa."

Gwaggo ta ce, "Da mi, ɗiyar nan? Da yawun yunwa? Rabona da goro tun kafin a yi girbi. Kin san yadda ya yi tsada kuwa?"

Cibiyar da na taɓa roƙo a taimaka mini da maganin tari aka ce ba a ware wa wannan komai ba, ranar sai ga shi an aika kasuwa sayen goro. Aka kawo fari, Gwaggo ta ce wannan na amare ne, ba ya rini. Aka kawo ja, ta latsa ta ce sabo ne, ita daushe ta saba ci, wanda ya kwana biyu ya ƙosa. Aka koma aka nemo daushe. Ta zauna ta miƙe ƙafa tana taunawa a hankali, mu duka muna tsaye a kanta, har da Malama da tabaranta. Na ce, "Gwaggo, ga katanga nan ta fasasshiyar tukunya, tofa a kai mana." Ta ce, "Ke yarinya, kin fi ni sanin aikina? A yumɓu shanyewa zai yi. Bango na saba." Ta tofa a farin bangon nan sabo, ta ƙara, ta ƙara. Aka jira rana ta gasa shi, muka tantance kofuna, na kirki gefe guda.

Washegari da hantsi, ba sanarwa, sai ga mota a ƙofa. Ba wanda ya tuna da goge bango. Ni ce na fara hango tabon, jajir a kan fari, daidai ƙofar da baƙuwa za ta shiga. Abu biyu suka faɗo mini a rai tare. In matar nan ta ga kofinta da ƙazantar bango launi ɗaya ne, an gama. In kuma ba ta gani ba, Gwaggo za ta gaya mata, don tun jiya take cika baki cewa sai ta nemi ladanta. Na ruga na ɗauko sauran goron, na ɓare, na durƙusa na miƙa mata duka. Na ce, "Gwaggo, ci abinki kafin a ce a mayar." Ta cika baki. Ni kuma na juyo da ɗiyata gaba na rungume ta, na manna bayana da bango, na baza zane.

Hajiya ta shigo tana taka ƙasa kamar za ta ɓata mata takalmi. Aka yi gaisuwa, ta tambayi gajiya da haƙurin zama, amma idonta yana kan tebur. Ta ɗauki kofi ta juya shi a haske, ta ɗauki wani, ta jera su. Ta ce, "Masha Allah. Shi ne. Kun san mi wannan yake tuna wa mutum? Faɗuwar rana a ƙauye. Mutanen birni suna son abin da ke da asali."

Gwaggo ta yi wani gurnani. Bakinta ya cika da ruwan goro, ga baƙuwa a tsaye, ga ni na tare mata wurin tofi, ita kuma ba ta haɗiyewa, ta ce yana sa ta jiri. Ta yi ta nuna ni da hannu tana zare ido.

Hajiya ta ce, "Inna ba ta da lafiya ne?"

Na ce, "Haƙori ne, Hajiya. Ba ta iya magana."

Ta ce, "Allah sarki. Ke kuma matso mana a ɗauke mu hoto."

Na sunkuyar da kai na ce ina jin kunya. Ta ce wa Malama, "Kin ga tarbiyyar ƙauye ko? Ita muka rasa." Sai ta zo da kanta ta tsaya kusa da ni, ta riƙe kofi, aka ɗauka. Turarenta ya sa ɗiyata atishawa. Da ta matsa taku ɗaya ta leƙa bayana, da ta ga faɗuwar ranarta.

Motar tana juyawa Gwaggo ta ture ni gefe ta saki abin da ke bakinta. Ta share leɓe ta ce, "Ja'ira. Allah ya isa tsakanina da ke, kin hana ni ladana." Malama ta zauna a kan buhu tana dariya har ta cire tabarau. Mabuɗi dai ya ci gaba da zama a hannuna.

Na zauna a ɗakin nan har ɗiyata ta yi ƙafa, tarin ya rabu da ita, maigidana ya dawo ya kama mana haya. Kofi ɗaya mai ɗan tsagu Malama ta ba ni da zan tafi. Ban taɓa shan komai a ciki ba. Na san launin mi ne. Allura da zare nake ajiyewa.