Bishiyar da Kika Bari Ƙarshe

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, jirgin ruwan safe ya iso ƙauyenmu daga birnin Quibdó da labarin rasuwarki, Malama Ildefonsa Rentería. Har yau zuciyata ta ƙi yarda.

Bayan kin yi ritaya daga ofishin tsara ƙasa, kin dawo gida kin tara mu gaban tsohuwar kwamfuta guda, kika ce dole mu koyi zana taswira. Hukuma za ta fasa hanyar mota, kuma a hoton tauraron ɗan adam bayan ƙauyenmu daji ne kawai. Mu kuwa mun san ba daji ba ne. Duk wanda aka haifa a nan, an binne cibiyarsa an dasa bishiya a kai.

Ba kya ɗaukar ragwanci. Da Evaristo masunci ya ce yatsunsa ba na wannan aiki ba ne, cewa kika yi, "Kai da kake warware koma a tsakiyar kogi? Zauna, rago, abin ba ya cizo." Amma da kika gane gani ne ba ya yi sosai, kunya ta hana shi faɗa, ke kika sayo masa tabarau a ɓoye.

Kin bi mu cikin laka da ruwan sama, muna tsayawa gindin kowace bishiya da na'urar gano wuri, tsofaffi suna faɗin sunan mai ita. Kika koya mana ɗora zanen hanya bisa zanen bishiyoyi, har kowa ya ga waɗanda za a sare. Duk sanda na ce mu je gindin taki bishiyar, sai ki ce, "Bar ta, 'yata, na mutane tukuna. Tawa ba gudu za ta yi ba."

Wata mai zuwa za mu zauna da hukuma, babu ke. Jiya yayarki Petronila ta kai mu gindin bishiyarki. Evaristo ne ya shigar da ita cikin taswira da yatsun nan nasa, sai ga ta a tsakiyar layin hanyar. Ashe kin sani, kika yi shiru don kada a ce don kanki kike yi. Na yi fushi da ke, Malama, sannan na yi kuka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Petronila, da 'ya'yanki, da duk mutanen bakin kogin Atrato. Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta, ya ba mu haƙuri. Ya kuma ba mu bakin magana ranar zaman nan, don da bishiyarki za mu fara.