Albarushin Baban Monday

A Kara ta ƙasar Gwarzo, in ka ce Haladu sai an tambaye ka wane Haladu, amma in ka ce Haladu Ɗan Bindiga ko akuyar garin ta san gidan. Manomi ne kamar kowa, dawa da gyaɗa, ba shi da wani abin a zo a gani sai tsohuwar bindigar toka da ya gada wurin ubansa. Ko kurciya bai taɓa harba da ita ba. Aikinta guda ne: in an ga watan azumi ko na Sallah, dagaci ya aiko, Haladu ya hau tudun bayan gari, ya ɗura albarushi, ya danna tsumma, ya saki harbi sama. Sai ka ji mata sun ɗauki guɗa, karnuka sun ɗauki haushi.

Mutanen gari sun daɗe da samun rediyo, gaskiya ba don su yake wahalar nan ba. Don uwarsa yake yi, Inna Sa'a. Tsufa ya tafi da idonta, kunne ma ya bi sahu, sai ka sa baki a kunnenta ka yi ta kwakwazo ta kama kalma ɗaya ta saki goma. Amma bindigar nan tana jin ta, a ƙirji take jin ta. Da ƙasa ta girgiza sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗana ya yi magana." Shi ke nan ta san wata ya kama, ta kuma san Haladu yana nan lafiya.

Albarushin kuwa a Kabo ake yin sa, a gidan Dachung, wani Kirista mutumin Filato da ya bar aikin haƙar kuza ya zo ya zauna da iyalinsa. Baban Monday ake ce masa. Duk 'yan bindigar yankin nan wurinsa suke ɗiba. Haladu yakan hau kekensa ya je, su yi gaisuwa kamar ba za su gama ba, ina gajiya, ina iyali, yaya tsohuwa, sannan su zauna gindin darbejiya Dachung yana daka a turmi a hankali, yana yayyafa ruwa, yana tsokanar baƙonsa.

"Malam Haladu, ka ƙara gusawa baya, kada gemun nan ya tashi a ce ni na aske maka."

"Baban Monday, ai gemun ya fi ƙarfin albarushinka."

Da ostariti ya zo, zamanin tsuke bakin aljihu, farar wutar da ake haɗa albarushi da ita ta yi tsadar da ba a magana. 'Yan bindigar garin Mainika suka rataye nasu, wasu suka sayar wa maƙera. Haladu bai fasa zuwa ba ko shekara ɗaya, shi kuma Dachung bai taɓa sallamar sa hannu biyu babu komai ba. Yakan ce, "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kai dai ka ci tuwon."

Abin da yunwa ba ta yi ba, tsoro ya yi. Shekarar da ake ta maganar shari'a, aka yi rikici a Kaduna. Wallahi ba wanda ya ko harari Dachung a Kabo, maƙwabtansa ma roƙon sa suka yi ta yi ya zauna. Amma matarsa Kaneng ta daina barci, kuma a irin wannan lokaci mutumin da yake da albarushi a gida, ko wane addini yake yi, bakin mutane ba zai bar shi ba. Haladu ya iso wata rana ya tarar da kwaɗo a ƙofa, turmin a kife, awaki suna kwance gindin darbejiya. Ko sallama ba su yi ba. Wannan ya ci masa rai fiye da komai, ya daɗe a tsaye riƙe da keken, yana kewar mutumin kamar ɗan uwansa na jini.

Ɗan abin da ya rage a gora ya harba na kamawar azumi, ya ƙare tas. Ya zaga kasuwanni, kowa ya tambaya sai ya waiga hagu da dama ya ce bai san zancen ba. Wani maƙwabcin Dachung ya ba shi ragowar farar wuta da ɗan gishirin haɗin da aka bari, abin da bai fi harbi ɗaya ba. Haladu ya ce ai ya sha kallo, me zai gagara?

To, a gawayi aka samu matsala. Dachung da busasshiyar tumfafiya yake ƙona nasa, Haladu kuwa tuntuni yana ganin rowa ce kawai irin ta mai sana'a. Shi da zai yi wa uwarsa, ina shi ina tumfafiya? Ya tafi maƙera ya zaɓo gawayin ƙirya, mai nauyi, mai ƙarfi, wanda ke narka ƙarfe. Bawan Allah, kallon kitse ya yi wa rogo. Ya daka ya haɗa, bai gwada ba kuwa, don in ya gwada babu saura.

Da magariba aka aiko an ga watan Sallah. Ya hau tudu, mutane sun taru a baya. Ya ja kunama. Bindiga ta ce fusss, ta yi tari, ta fitar da ɗan baƙin hayaƙi ta yi shiru. Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai don kunya. Shi dai ya saɓa abarsa ya sauko.

Da safe gari ya tafi Idi. Matarsa Zubaidatu ta kai wa Inna Sa'a tuwon Sallah, tsohuwa ta ture kwanon ta ce ita azumi take, ba a ga wata ba. Haladu ya dawo daga Idi sanye da sabuwar rigarsa, ya durƙusa gabanta, ya kama hannunta, ya sa baki a kunnenta.

"Inna, yau Sallah ce. An ga wata. Ni ne Haladu."

Ta shafa hannunsa, ta ɗauka ƙaninsa Ja'afaru ne. Sai hawaye suka gangaro mata.

"Ja'afaru, don Allah ka faɗa mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Yaushe yayanka ya rasu kuke ɓoye mini?"