Accar da ke ƙirjin Rahila

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne yayata Rahila a Maryland ta Amurka, nesa da Filato inda ta so a kai ta. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, in kasa. Bana dole ce ta sa ni.

Da aka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji, wata shida ba ta kalli madubi ba. Ni nas ce, na iya wanke gyambon kowa, amma nata ya gagare ni. Rannan kawai ta ce in kai ta daga Bowie, garin da muke zaune, zuwa shagon wata mai yin jarfa, zanen allura da tawada da ba ya goguwa. Na yi ta mita a hanya: mace mai shekara hamsin, shugabar zumuntar mata, me za a ce a coci? Ta ce, "Ke dai Ladi, kalli titi. Kakarmu ma da zane a cikinta ta tafi."

Zangarniyar acca aka zana mata a kan tabon, irin ta gonar babanmu. Daga ranar kunya ta sake ta. Bayan sujada takan ja mata zuwa wani ɗaki, ta ɗage riga, ta ce su kalla da kyau, sannan su je gwaji. Wasu suka tsorata, wasu suka yi gulma har suka gaji. Na san mata uku da ke raye yau don sun ga accar nan. Ita kuwa ciwon ya dawo mata ta ƙashi.

Da tana nan yau, da ta wanke ni tas, kuma da gaskiyarta. Wata huɗu na yi ina jin ƙululu a nonona na hagu. In ina wanka sai hannuna ya kauce wa wurin, in fito in tafi aiki ina yi wa marasa lafiya wa'azin zuwa asibiti da wuri. Tsoro ne, ba wani abu ba. Sai makon jiya na je. Likitar ta daɗe tana kallon hoton da aka ɗauka min, sannan ta tambayi abin da ya kashe mamarmu. Na ce a gida dai ciwon ƙirji aka ce mana. Ta rubuta, ba ta ɗago kai ba.

Zanen ya bi Rahila ƙasa. Abin da ya rage nata shi ne ƙarfin halin buɗe abin da kowa ke rufewa, kuma ban gaje shi ba. Gobe 'yarta Saratu, wadda muke shirin bikinta, za ta kai ni karɓar sakamako. Ta ce, "Mama, kada ki damu, rakiya ce kawai." Har yanzu ban gaya mata ba cewa likitar na zargin abin a jini yake, kuma likitar ce ta ce in zo da Saratu.