Kafaɗar Angelina

Shekara goma sha tara Angelina ta yi tana jigilar tsakuwa a wurin fasa dutse na Mpape, daga inda ake farfasawa zuwa bakin hanya inda tifa ke lodi. Sauran mata a ka suke ɗauka, da gammo. Ita kuwa 'yar Gbagyi ce, a kafaɗa take aza daronta kamar uwarta da kakarta, domin a wurinsu kai shi ne sarkin jiki, ba a ɗora masa kaya. Da kafaɗar nan ta dama ta kai 'yarta Juliet har jami'a.

Bara kafaɗar ta fara ƙi. Likita a Bwari ya ce gaɓar ta cinye, in ta ci gaba hannun zai mutu. Ta huta mako biyu ta koma, don Juliet ta gama karatu amma har yau yawo take da takardu ofis-ofis, kuma tukunyar gidan ba ta hawa wuta sai daron nan ya motsa.

Sale, mai kula da lodi, ya ga tifa na jiranta kullum. Ba mugu ba ne, amma ya gaya mata akwai mata huɗu da ke neman gurbinta.

"Maman Juliet, ki sa a ka mana kamar kowa. Ko naki kan na gwal ne?"

"Oga, ka bar ni zuwa gobe," ta ce.

Washegari Juliet ta biyo ta. A bayan wani tulin duwatsu, inda matan garinsu ba za su gani ba, Angelina ta kwance ɗankwali ta naɗa gammo, ta ce a ɗora mata. Juliet ta kama gefe ɗaya, suka ɗaga. Wuyan da bai taɓa sanin kaya ba ya shiga lilo. Taku shida daron ya kife, bakinsa ya tsaga mata goshi.

Juliet ta ce ita za ta ɗauka. Uwar ta ture hannunta, ta ce ba don ta ga 'yarta da daro ta kashe kafaɗarta ba.

Ta share jinin da gefen zane, ta tsince tsakuwar tsaf, ta durƙusa, ta juya wa 'yar kafaɗar hagu.

"Aza nan," ta ce. "Wannan ba ta gaji ba tukuna."

Juliet ta aza mata. Angelina ta miƙe a karkace, ta nufi bakin hanya.