Sirdin Keken Baba Babba

Mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa, don lokacin ina firamare, kuma shekaru sun ja. Amma duk ranar da na wuce rumfar mai faci na shaƙi warin sholisho, sai in ga Baba yana tura keke zuwa gidanmu na Damba, yana tafiya ƙafafu a ware.

Keken ba nasa ba ne. Wansa, wanda muke kira Baba Babba, shi ya ba shi aro a ƙarshen shekarun 1990, don ya riƙa kai kayan koli kasuwannin Mada da Wanke, wani lokaci har Tsafe ko Bungudu. Baba Babba dogo ne, ya ɗaga sirdin daidai tsayinsa. Baba kuwa gajere ne. Da yatsun ƙafa yake kamo feda, ƙugunsa na karkata dama da hagu. Ga sirdin siriri, fatarsa ta bushe, bakinsa ya ɗaga sama.

Wata rana, ina jin da bazara ne, na raka shi faci. Mai gyaran ya dubi keken, ya dubi Baba.

"Malam, wanga sirdi na raƙumi na. Bari in sauke maka shi, noti guda na."

"Bar shi," in ji Baba. "Na yayana na. In ya gani, mi za ni ce mishi?"

A gidanmu, in ban da faci, ba a gyara kayan aro. Gyarawa tamkar ka ce abin da babba ya ba ka bai yi ba. Sai Inna ta naɗe sirdin da soso da tsumma. Laushin bai rage komai ba, ina zaton ma ya ƙara tsawo da gumi.

Ciwon ya fito a wurin da dattijo ba ya ambata. Aka ce basir ne, ya yi ta shan jiƙo mai ɗaci. A kishingiɗe yake cin tuwo, zaman tahiya ma sai ya jingina gefe guda. Kafin kaka ya daina zuwa Tsafe, daga baya ya jingine keken a zaure, kolin ya mutu. Dangi suka ce raggo ne, an ba shi abin hawa ya kasa. Bai taɓa yin musu ba. Da wannan suna ya koma ga Allah.

Sai da na gama jami'a na sayi nawa keken, na koyi abin da ya kamata. In ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdi ya kwanta daidai, faɗinsa ya ɗauki ƙasusuwan zama. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa sirdin kaɗai ya jawo ciwon ba.

Abin da na gani da idona shi ne ranar da aka mayar wa Baba Babba da keken. Ɗan Baba Babba ya ɗauko sifana, ya sauke sirdin a gaban mahaifinsa. Tsohon ko ɗaga kai bai yi ba.

In akwai wanda ya shaida wannan a Damba ko a dangi, don Allah ya gyara mini inda na kuskure. Na fi son wani ya zo ya ce mini a zamanin Baba notin ya yi tsatsa ne, ba ya kuntuwa.